Sautin da Gaëtan Ya Bari

Mu uku ne a ƙungiyar kiɗan: ni, da Gaëtan, da matarsa Solène. A ɗakin ƙasa na wata tsohuwar masaƙa a Saint-Étienne muka fara, har muka kai ga buga faifai, ana kiranmu wasa a Lyon da Brussels. Duk wannan suna a kan na'ura ɗaya ya rataya, wata sintisaiza, abin kiɗa na lantarki mai jikin katako, da muke kira Tsohuwa. Ba ta ajiye sauti kamar na zamani. Inda ka murɗa maɓallai ka soka wayoyi, nan sautin yake. Ka taɓa ɗaya, ya tafi ke nan. Ga ta da taurin kai: in an kunna ta, muryarta sai ta yi ta sauyawa tana ɗumi, kuma Gaëtan kaɗai ya san lokacin da ake kama ta.

Wata Talata ya kira ni, murya na rawa don murna.

"Kai Aurélien, sarkin barci, gobe ka zo da kunnuwanka wankakku. Na samo sautin da za mu buɗe sabon faifai da shi. Ko Solène ban bari ta ji ba."

Da yammar ranar mota ta buge shi a kan kekensa, yana dawowa daga sayen burodi. Nan take ya rasu.

Solène ta lulluɓe Tsohuwa da zanen gado, ta kulle ɗakin, ta rataya makullin a wuya. Masu shirya wasa suka gaji da kira suka daina. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Ni ma abokina ne tun muna yara, kuma ni aka ce in zo in ji.

Sai da shekara ta zagayo ta neme ni. Muka sauka, na haɗa na'urar ɗaukar sauti, ita kuma ta yaye zanen a hankali don kada ta gogi ko waya ɗaya. Komai na nan yadda ya bar shi. Ta kunna, ta danna maɓallin kiɗa ɗaya.

Sautin farko siriri ne, yana karkarwa kamar butar shayi ta kusa tafasa. Jim kaɗan ya yi kauri, ya sauko ƙirji. Can kuma ya buɗe, da wani ɗan kaushin murya a ƙarƙashinsa. Kowanne da daɗinsa, kuma babu wanda ya tsaya.

"Aurélien," in ji ta, yatsanta na kan maɓallin, "yakan jira ta yi ɗumi ne?"

"Wani lokaci. Wani lokaci kuma da sanyinta yake kamawa. Kin san mutumin naki, ba ya yin abu iri ɗaya sau biyu."

Ina rufe baki na gane abin da na faɗa, zuciyata ta karye. Shekara guda tana gadin maɓallai, ashe lokacin da zai ce "nan ne" da shi aka binne.

"To wanne ne nasa?"

Na jira sautin ya sake saukowa, na ce, "Wannan ne. Wannan ne nasa."

Ta dube ni, hawaye na bin kuncinta. "Maƙaryaci. Kai ma ba ka taɓa ji ba."

Sautin ya ci gaba da zamewa. Ba ta ɗaga yatsanta ba.

"Sake faɗa," in ji ta.