Hannun da Ya Riƙe Allurar

Kafinta ne, mutum mai ƙarfi, wanda shi kaɗai yake ɗaga ƙofar katako ya jingina ta. Sai ga shi numfashi ya fara gagararsa. In ya kwanta rigingine ji yake kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Matarsa ta gaji da jiƙe-jiƙe, ta kira ƙanensa, wanda gida ke kira Auta, likita a babban asibiti. Kafintan ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, a shagonsa ya yi karatu cikin ƙurar katako.

Da aka kai shi asibitin, Auta ya goga masa na'ura a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo.

"Yaya, ruwa ne ya taru a jakar da ke kewaye da zuciyarka, yana matse ta. Dole a zuƙe shi da allura, ta nan ƙasan ƙashin ƙirji."

"Babu haɗari?" in ji matar.

"Akwai. Allurar tana iya taɓa huhu, ko ta ji wa zuciyar kanta ciwo, ko bugunta ya rikice. Amma na yi shi ba adadi."

Kafinta ya kama hannunsa. "Ni ban san kowa ba a nan. Kai za ka yi min?"

"Haba Yaya, wa zan bar wa kai? Da hannuna zan yi."

Washegari da hantsi aka shiga da shi wani ɗaki mai sanyi, mai warin magani. Aka kishingiɗar da shi, aka rufe shi da koren ƙyalle har fuska, aka yi masa allurar kashe zafi. Idonsa biyu, yana jin komai. Ya ji yatsu suna lalubar ƙasan ƙirjinsa, suna ɗan rawa. Ya ce a ransa, kai Auta, ashe har kai kana tsoro.

Sai ya ji muryar Auta, amma daga can wajen ƙafafunsa take fitowa.

"Karkata ta hagu kaɗan. A hankali. Dubi allo, kada ka dubi hannunka."

Ya buɗe baki zai yi magana, wani zafi ya soke shi har kafaɗa, tari ya sarƙe shi. Na'ura ta hau ƙara. Ya ji an ture wani, ya ji Auta yana cewa, "Matsa! Ba ni nan!" Numfashinsa ya tafi, kamar an toshe masa hanci da baki.

Da ya farfaɗo, sai ya tarar da roba a tsakanin haƙarƙarinsa, ta sauka cikin wata kwalba a ƙasan gado. Matarsa na zaune, idanunta sun yi ja. Ta ce an zuƙe ruwan, amma allurar ta huda huhu, iska ta shiga, shi ya sa aka sa masa robar.

Auta ya shigo da yamma, yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Sannu Yaya. Ai na gaya muku yakan faru."

"Wa ya riƙe allurar?"

Auta ya dubi matar, ya dubi kwalbar.

"Da kai nake. Kunnena ba a kashe shi ba."

"Wani sabon likita ne. Ina tsaye a kansa, Yaya. Haka ake koyo, ni ma a jikin wani na koya."

"Na sani. Ni ma ina ba almajiran shago katako su ɓata. Amma da ka tambaye ni."

"Da ka ƙi."

"Ƙila da na ƙi. Wane ne shi?"

Auta ya ce ɗan shugaban asibitin ne, uban ne ya roƙa a ba shi dama, shi kuma ba ya son ya ɓata da mutumin a wannan lokacin.

Kafinta ya juya fuskarsa ga bango. Matar ta tashi tsam, ta buɗe ƙofa ta riƙe har Auta ya fita.

Huhun ya warke, aka cire robar. Ranar sallama Auta ya kawo motarsa bakin ƙofa, amma kafinta ya jingina da kafaɗar matarsa suka wuce shi, suka tari tasi. A gida mahaifiyarsu tsohuwa ta yi ta sa wa Auta albarka, tana gaya wa masu zuwa dubiya cewa ƙaramin ne ya ceci babban. Matar kafinta ta cika ta batse, za ta yi magana, mijin ya girgiza mata kai.

Ya koma shago bayan wasu watanni, sai dai aikin zaune yake yi, don zarto yana sa shi haki. Ba a daɗe ba aka ƙara wa Auta girma, aka yi liyafa a gidansa. Kafinta ya aika da gaisuwa ta bakin matarsa, shi kuwa ya wuni a shago yana goge ƙafar wata kujera.