Sunan da Inna Ba Ta Kira

Tun ranar da Inna Fatsuma ta faɗi a gonar auduga, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ƙaurace mata. Ta san abin da take so, amma kalma sai ta zo bakin leɓe ta koma.

Wata malamar asibiti daga garin Sinnar, Sabah, ta kawo kwamfuta 'yar falale kamar faranti. Kwamfutar takan nuna hoto, maras lafiya ya faɗi suna, ta saurara ta ba da maki. Guda ɗaya ce, masu jira kuwa da yawa. Sabah ta ce wanda makinsa ke hawa shi ake bar wa, in ba haka ba a kai gidan gaba.

Zaharaddini, ɗan farin Inna, wanda yaƙi ya koro daga Hartum inda ya girma, shi ya karɓi aikin. An ce ya sa hotunan abin da ta fi so. Bai yi wani tunani ba, ya cika ta da hotunansa da na marigayi babansa.

Kullum da hantsi yakan zaunar da ita bisa gado a inuwar darbejiya.

"Inna, wane ne wannan?"

Sai ta kawar da kai. Kwamfuta ta yi ɗan kukanta na kuskure. Haka aka yi ta yi, maki na ƙasa, har ya fara tsammanin ta manta shi.

Wata rana Gwaggo Habiba, yayar babansa, ta shigo da kofi, ta leƙa.

"Kai, ɗan Hartum, Larabci ya cinye maka hankali? Yaushe ka taɓa jin ta kira sunanka, ko na ubanka? Ɗan fari da miji? Ko da bakinta lafiya lau ba ta faɗi!"

Gaskiya ne, bai taɓa ji ba. "Wannan yaron" take ce masa.

Ya fita a guje yana ɗaukar hoton buta, akuya, tukunya. Bai gama sa su ba Sabah ta yi sallama. Ya yi mata bayani, ta saurara, ta jinjina kai.

"Malesh, yi haƙuri, ɗan'uwa. Ba ni ke yankewa ba. Bari ta gwada na yau, ko makin ya ɗan ɗaga."

Hotonsa ne ya fito. Ya durƙusa ya kama ƙafarta.

"Inna, don Allah, sau ɗaya tak. Ba wanda zai ji."

Ta dube shi. Leɓenta ya motsa, ya ga ta kamo kalmar. Sai ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe baki.

Sabah ta sa kwamfutar a jaka. Wani tsoho a unguwar gaba yana jira.

Zaharaddini ya ɗauko butar ya ajiye gaban Inna, ya zauna a ƙasa.

"To, Inna, wannan fa?"