Ƙyallen Rawaya a Hannun Tela

Motar asibitin ba ta gama tsayawa ba Sista ta fizge ƙofarta. Benen kasuwa ne ya rufta da hantsi, kuma tun da labari ya iso babban likita ya zura rigarsa mai ƙyalli, ya tsaya a baranda da rediyon oba-oba a hannu, ya ba kowa wurin tsayuwarsa. Ita bakin ƙofa aka ba ta, da ƙyallaye cike da aljihu: ja ga wanda jinkiri zai kashe, rawaya ga wanda zai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa.

"A ƙofar nan ba ki da uwa, ba ki da uba," in ji shi. Haka yake faɗa a duk atisaye, har ma'aikata sun mayar da maganar abin tsokana. "Ɗakin tiyata ɗaya ya rage mana. Wanda kika ɗaura wa ja, shi zai shiga."

Mutum biyu aka sauke. Na farkon tun kafin ta ga fuskarsa ta gane muryar. Autansu ne, wanda ta goya a bayanta, ga ƙashin ƙwaurinsa ya leƙo waje.

"Yaya! Wayyo Yaya, ƙafata! Kar ki bari su yanke ta!"

Ta duba. Jinin ya tsaya, kuma yana motsa yatsunsa. Rawaya ne, ko ɗalibar da ta zo jiya ta san haka.

Na biyun dattijo ne, tela, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya zauna shiru, dafe da gefen cikinsa.

"Fara da yaron, 'yata," ya ce. "Ni ƙishirwa ce kawai ke damuna."

Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau, ga gumi. Ta danna cikin, ta ji shi kamar katako. Jini ne ke zuba a ciki, ba ta ko shakka. Ita ce fa ke koya wa sababbin ma'aikata cewa mai ihu yana da sauran ƙarfi, mai shiru ake ji wa tsoro.

Auta ya cafke gefen rigarta. "Yaya, don girman Allah. Me za ki ce wa Inna?"

Ta ɗaura masa ja. Ta ce wa ranta aikin ƙafa ba ya daɗewa, alhali ta san ƙarya take yi. Da ta ƙulla wa dattijon rawaya, sai ya ɗaga hannun ya duba.

"Kin iya ƙulli," ya ce da murmushi. "Da a shagona kike, da na ƙara miki albashi."

Motoci suka ci gaba da zuwa, ta yi ta ɗauri har aljihunta ya kusa ƙarewa. Sau biyu tana waigen bencin masu rawaya tana hango farar hular dattijon. A waige na uku hular na ƙasa. Aka sure shi da gudu, amma ɗakin tiyata na rufe, ana kan ƙafar Auta. A bakin ƙofar ya cika.

Da yamma babban likita ya same ta tana wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

"Kar ki ɗora wa kanki, Sista. Zubar jinin ciki na yaudarar kowa, ni ma ta sha yaudarata."

Ta buɗe baki, sai rediyonsa ya yi ƙara, ya wuce yana amsawa. Gara ma a ce zaginta ya yi. Tausayin nan ya fi mari zafi, don ita babu abin da ya yaudare ta.

Ta tarar da Inna a gefen gadon Auta, tana yi masa fifita yana barci, ƙafa a naɗe.

"Yawwa, ga 'yar halak! An ce ke kika shigar da shi gaba da kowa. Ɗan'uwa rabin jiki ai."

Ta taga Sista ta hango wata tsohuwa a baranda. Wata nas na miƙa mata leda, da farar hula da tef ɗin awo a ciki.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna.

Ta jira amin, ba ta zo ba. Ta ajiye maficin ta dubi 'yarta.

"Ke, ba ki ji ba ne? Na ce Allah ya yi miki albarka."

"Na ji, Inna," ta ce.