Man Da Na Shafa Wa Umaima

Shekara goma sha huɗu ina sayar da man shafawa a babbar kasuwar Sokodé, kuma duk matar da ta sayi haɗina na ƙarin haske sai na ja mata kunne: in kin shafa, ki guji rana. Na faɗa har bakina ya gaji. Amma ni Husseina, da hannuna na shafa wa yarinya 'yar shekara takwas, na kai ta tsakiyar ranar Dapaong.

Umaima 'yar ƙanwata Zinariya ce. Uwar tana aure a Dapaong, ta turo min ita hutun makaranta na watan Afrilu, da cewa in dawo da ita ranar bikin ƙanwar mijinta. Yarinya ce baƙa siɗik kamar ubanta Inusa, ga fararen haƙora, ga surutu. Kullum tana rumfata tana jera min kwalabe.

Bakin matan kasuwa ne ya ja, ko da yake ƙarya nake, zuciyata ce ta ja. Wannan ta zo ta ce ashe mai gyara mutane ba ta gyara na gida ba. Waccan ta ce ko a buhun gawayi aka kawo min ita. Sai su yi dariya su tafi, ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Rannan na ɗebi haɗin cokali biyu na cakuɗa cikin kwalbar man kaɗen Umaima. Na ce mata sirrinmu ne mu biyu, Mama za mu ba mamaki. Kowa ya tambaya ta ce man kaɗe ne kawai. Ta yi tsalle, ta rantse ba za ta faɗa ba.

Cikin sati biyu fuskar ta washe. Kaico, har daɗi nake ji.

Da muka sauka Dapaong, Zinariya ta riƙe haɓar 'yarta tana juya ta, ta ce Yaya me kike ba ta haka. Na ce ruwan Sokodé ne da zaman inuwa. Ta yarda. Tun muna yara ba ta taɓa musa maganata ba.

Washegari aka kai kayan amarya gidan ango, a ƙafa, bayan azahar. Wanda bai san ranar Dapaong ta Afrilu ba, kada ya ce ya san rana. 'Yan mata suka jeru cikin anko, kowacce da faranti ko kwano a ka, wanda ko ba komai yana yi mata inuwa. Ni kuwa da safe na ƙara lafta wa Umaima mai, na hana a ɗora mata kaya, na ba ta madubin amarya ta riƙe a ƙirji, na tura ta gaban layi. Hijabinta ma na cire, na ce zai ɓoye kitso. Ba kitso nake so a gani ba.

Makaɗa suka riƙa tsayawa ƙofa-ƙofa, tafiyar rabin awa ta koma awa biyu. Sau ɗaya Umaima ta juyo ta ce Inna, fuskata tana zafi. Na ce ta daure, an kusa. Ina ƙarƙashin laima na faɗi haka.

Kafin la'asar goshinta da kumatunta da bayan wuya sun yi jajir. Da gari ya waye sun yi bororo, fatar tana saluɓewa. Sauran yaran kuwa ko ƙwarzane babu, suna ta wasansu a tsakar gida.

Muka kai ta lopital, wato asibiti, ni da Zinariya. Malamar da ta duba ta, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Moba mai jin Hausa, ta daɗe tana kallon fuskar. Ta ce baƙar fata irin wannan ba ta ƙonewa haka cikin awa biyu, sai in an raba ta da abin da ke kare ta. Ta ce fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, tabon zai iya zama har girma, kuma in ba ta san abin da aka shafa ba, a makance za ta yi magani. Sannan ta tambayi me ake shafa mata.

Zinariya ta ce man kaɗe tun haihuwa. Ta juya kan yarinyar da faɗa, wai ko ta taɓa kayan kwalliyar amarya ne, ta faɗi gaskiya ko ta ci duka. Umaima ta ɗago kumburarriyar fuskar nan ta dube ni, sannan ta dubi uwarta.

"Man kaɗe ne kawai, Mama."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kwalbar tana cikin jakata, ina jin nauyinta a kan cinyata. Zinariya ta ɗaga hannu za ta kai mata mari a kafaɗa, sai na riƙe hannun. Na zaro kwalbar na ajiye a kan tebur, na faɗi abin da na zuba da yawan kwanakin, ban ɗaga kai ba.

Malamar ta buɗe ta shinshina, ta rufe. Na so Zinariya ta zage ni, ta tara min jama'a, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba.

"Yaya, ashe duk shekarun nan kallon mummuna kike yi wa 'yata?"

Aka wanke ciwon, aka shafa magani, aka naɗe. Malamar ta ce wata uku kada yarinyar ta fita sai da hula mai faɗi, tabo kuma sai abin da Allah ya yi.

A bakin ƙofa Zinariya ta wuce gaba neman mai babur. Sai na ji ƙaramin hannu ya kama gefen zanina. Umaima ce, idanunta cike da hawaye a tsakanin bandeji, tana magana ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji.

"Inna, kada ki yi fushi da ni. Ni ban faɗa ba fa."