Notin Sirdin Malam Maharazu

Damina uku Malam Maharazu ya yi bai hau kekensa ba. Tun ranar da ya faɗo daga kan rumbu ƙugunsa ya karye, aka yi masa aiki a asibitin Jahun, ya dawo gida da ƙafar dama ta gajarce kaɗan. Yanzu yana takawa da sanda, amma gonarsa ta fadama tana da nisan da sanda ba za ta kai shi ba. Ƙaninsa Isah ya riga ya yi masa magana sau biyu, a kan in ba zai iya zuwa ba, ya bar masa ita ya noma bana. Shi kuwa Malam ji yake in ya saki gonar nan, zaman zaure ya kama shi ke nan har mutuwa.

Dabara ɗaya ta rage, a sauke sirdin keken ƙasa yadda gajeriyar ƙafar za ta kai feda. Sai dai ya san halin ƙarfe. Keken da ya kwana damina uku a ɗakin ajiya, ai tsatsa ta gama haɗe notinsa.

Ranar kasuwar Shuwarin, matarsa Rabi'atu ta sauko masa da keken daga jikin azara, inda ta rataye shi da igiya biyu, ta lulluɓe da tsohon zane. Aka ɗora shi a bayan adaidaita sahu, Malam ya kai wa Sagiru mai gyaran keke.

Sagiru kuwa mutum ne mai son ba da mummunan labari tun kafin ya duba.

"Baba, shekara uku? Notin sirdi shi ne farkon mutuwa. In ya ƙi, sai dai a fasa, kuma in aka fasa, bututun da sirdin ke shiga ya tafi."

Sagiru ya kafa sifana, ya ciji leɓe, ya tattaro ƙarfinsa gaba ɗaya. Notin ya juya sumul, har Sagiru ya kusa kifawa kan tayoyin da ke gabansa. Ya ajiye sifanar ya ƙarasa kwancewa da yatsu biyu. Ya taɓa na burki, ya taɓa na kariya da na ƙafar gaba, duk haka. Sai ya kai yatsansa hanci ya shinshina.

"Baba, wa ke ɗinki a gidanku? Wannan man keken ɗinki ne."

Malam dai ya sha jin ƙwas-ƙwas daga ɗakin ajiya kowace Juma'a da hantsi, yana kwance yana zaton kaji ne.

Da la'asar, bayan Sagiru ya sauke sirdin, Malam ya shigo unguwa a kan keke, a hankali, sandar a ɗaure a kariya. Rabi'atu tana tsakar gida tana ɗinka hijabi, ba ta ko miƙe ba.

"Ke, yaushe kika koyi gyaran keke?"

"Ni ina na iya, Malam? Yadda nake wa nawa na ɗinki dai nake masa. In kwance noti kaɗan, in ɗiga mai da gashin kaza, in mayar. Ƙarfen da aka bari bai motsa ba, shi ke ƙamewa."

"To na sirdin fa? Sagiru ya ce ya fi duka laushi."

Ta tsinke zare da haƙori, idonta a kan ɗinkin.

"Shi sau biyu nake masa. Ranar da aka yi maka aiki likita ya gaya mini ƙafar ba za ta dawo daidai ba. Na san watarana sai an sauke shi."

Malam ya tsaya riƙe da kan keken, cike da kunya da farin ciki. Can ya ce ta aika wa Isah, a gaya masa gobe da sassafe zai je fadama da kansa.