Keke a Kan Tsohon Layin Dogo

Ƙararrawar keke ta kaɗa sau biyu a bayansu, Alhaji Ɗanmusa ya ja gefe ya tsaya, ya gyara zaman hularsa. Ya san mai keken. Shittu ne, ɗan Zariya, ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta nan Madina, wanda yau ɗin nan bayan la'asar manyansa za su zo neman auren Innayatu, autar Alhaji. Don haka tsoho ya dogara sandarsa, ya shirya irin fuskar da suruki ke karɓar gaisuwa da ita, ba fara'a sosai, ba kuma ɗaurewa.

"Assalamu alaikum, Baba," in ji Shittu.

Ya ɗaga hannu ɗaya, ya wuce. Bai rage gudu ba, balle ya sa ƙafa a ƙasa. Littattafansa na ɗaure a bayan keken, farar rigarsa na kaɗawa, har ya yi nisa.

Alhaji ya tsaya da amsar sallama a baki. Abokin tafiyarsa na kowace safiya, Issoufou, mutumin Damagaram mai ɗinkin hula, ya dubi keken, ya dubi Alhaji, ya yi tari irin na wanda ke danne dariya.

"Ba surukin namu ba ne wannan, Alhaji?"

"Ka ga abin da na gani?"

"Na ga ya yi sallama. Walla ya yi sallama mai kyau, har da ɗaga hannu."

"Daga kan keke," in ji Alhaji. "Ni za a gayar daga kan keke."

Hanyar da suke kai tsohon layin dogo ne da Turkawa suka shimfiɗa daga Sham zuwa Madina. Jirgin ya daina zuwa tun kafin Alhaji ya iso ƙasar, mutane kuma sun kwashe ƙarafa da katakon a wannan yankin, sun yi rufin ɗaki da shingen awaki. Abin da ya rage dogon tudu ne miƙaƙƙe da ke bi ta gefen baƙaƙen duwatsun Harra ta Yamma, faɗinsa bai wuce mutum uku su jera ba. Tun da arzikin fetur ya cika gari da motoci, kowane yaro ya zama direba kafin ya yi gemu, sai masu keke da tsofaffi suka mai da layin hanyarsu. Likita ya ce wa Alhaji ciwon sukari ba ya son zama, shi ya sa shekara huɗu ke nan yana taka layin kullum bayan asuba, daga bayan gidansa zuwa tsohuwar gadar dutse, ya dawo.

Yau bai kai gadar ba. Ya juya tun daga nan, yana dukan tsakuwa da sanda kamar ita ta yi masa laifi.

Issoufou ya biyo shi yana haki. "Alhaji, a hankali. Yaron nan makara ya yi wataƙila."

"Ko gobara ce a jami'ar, sauka ai ba ta cin minti ɗaya. A garinmu ko jaki ka hau, ka hango babba, saukowa kake yi. Ka cire takalmi, ka durƙusa. Wannan ɗan Zariya ne fa, ba a nan aka haife shi ba, balle a ce bai sani ba. Ya sani sarai. Raini ne."

Abin da ke cin ran Alhaji ya wuce keke. Yana da shekara ashirin ya bar Kazaure a ƙafa da niyyar hajji. Shekara shida ya yi a hanya, ya yi noman auduga a Sudan, ya yi dako a bakin teku, kafin ya taka wannan ƙasa. Ya yi ga-ruwa a Madina har kafaɗarsa ta yi kanta, sannan ya buɗe shagon tasbaha da darduma, ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa durƙusa masa. Surajo, babban, yana tuƙa motar kaya a filin jirgi, gaisuwarsa hon ne daga ƙofar gida. In ya yi musu Hausa su amsa da Larabci. Maza uku 'yan nan sun nemi Innayatu, Alhaji ya yi ta jan ƙafa, sai da Shittu ya zo da Hausarsa cikakkiya da kunyarsa, yarinya ta ce shi take so, tsoho ya ji kamar an buɗe masa taga. Ya ce a ransa, ko ba komai jikokinsa na wannan ɗakin za su san yadda ake gaida mutum. Ga shi tun ba a ɗaura ba an gayar da shi kamar mai gadin kasuwa.

Ya shiga gida ya tarar da ƙamshin gahawa da hel, ɗan kayan ƙamshin da Larabawa ke zuba mata. Innayatu na tsakar gida tana jera ƙananan kofuna a faranti, ta cika kwano da dabinon da ta ɓoye tun makon jiya saboda baƙin yau. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke riƙe da gidan.

"Kwashe kayan nan," in ji Alhaji. "Babu mai zuwa."

Ta ɗago. "Lesh, ya Abuya? Me ya faru?"

"Ki yi mini Hausa."

"Me ya faru, Baba?"

Ya gaya mata, tun daga ƙararrawa har ɗaga hannu, kuma da yake faɗa abin ya ƙara girma a bakinsa. Ya ce zai aika wa malamin da ke tsaya wa Shittu a matsayin uba cewa kada su wahalar da kansu. Wanda bai sauka daga keke ba yana nema, ranar da ya samu ai ta kan mutum zai bi.

Innayatu ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baba, ni na ce masa kada ya sauka."

"Ke kika ce me?"

"Ni da Surajo. Ran da ya fara zuwa gidan nan ya durƙusa maka a ƙofa, matan maƙwabta suna leƙe ta taga. Kwana uku suna yi mini dariya, wai mijina zai riƙa yi wa Abuya sujada. Wallahi har a wajen biki sai da aka kwaikwaye shi. Na ce masa a cikin gida ya yi yadda ya saba, amma a waje ya yi sallama kamar kowa. Bai so ba. Ni na matsa masa."

Alhaji ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Da raini ne daga baƙo, da ya san inda zai sa shi. Wannan kuwa daga cikin ɗakinsa ya fito, daga bakin yarinyar da ya fi so.

"Wato kunyata kuke ji."

"Ba kai ba, Baba. Durƙuson."

"Durƙuson ai ni ne. Da shi aka raine ni, da shi na gaida ubana ran da na bar gida, ban sake ganinsa ba. Ku kun zama Larabawa, madalla. To Larabawan sun karɓe ku? Har gobe in an tashi kwatanta gidan nan, gidan Takari ake cewa."

"Shi ya sa," in ji ta. "Kai ka zo da girmanka, ka san inda ka fito. Mu a nan muka yi makaranta, a nan aka yi ta kiranmu da sunan. Ba ka san yadda yake ba."

"Ban sani ba? Ni da na ɗauki ruwan gidajensu a kafaɗa?"

Ta ci gaba da jera kofunan, hawaye na zuba, kuma ba ta kwashe ko ɗaya ba. Wannan taurin kan ma ya san inda ta gado shi.

Bai aika wa kowa ba. Ya zauna a ɗaki yana huci har aka kira azahar, ya yi salla a masallacin unguwa, sannan maimakon ya koma gida ya hau layin dogo. Ya san Shittu ta nan yake dawowa bayan darasi. Rana ta take, duwatsun Harra na fitar da zafi kamar bakin tanda, babu kowa a kan tudun sai wata akuya da ta ɓace wa garkenta. Ya taka har tsohuwar gadar, inda hanyar ta tsuke, ya tsaya a tsakiya ya gicciya sandarsa. Ya yanke shawara a ransa: in yaron ya sake ɗaga masa hannu, an gama, ko Innayatu za ta yi kukan shekara.

Bai daɗe ba ya hango keken. Shittu ma ya hango shi, kuma da alama ya karanta tsayuwar tun daga nesa, don tun saura taku talatin ya ja birki ya sauka. Ya kwantar da keken a gefe. Ya cire takalmansa a kan tsakuwar da ke ƙuna, ya tako a hankali, ya zube gaban Alhaji, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye.

"Barka da rana, Baba. Na yi kuskure da safe. Tun da na wuce ku ban fahimci ko kalma ɗaya a darasi ba. A gafarce ni."

"Wa ya haife ka?"

"Malam Idrisa na Tudun Wada, Baba."

"Haka Malam Idrisa ya koya maka, ka gaida surukinka kana taka feda?"

"A'a, Baba."

"To mace ta ce ka bar tarbiyyar gidanku, ka bari. Gobe in ta ce ka bar salla fa?"

Shittu bai ɗago ba, bai kuma ambaci sunan Innayatu ba, ko don ya kare kansa. Alhaji ya lura da wannan. Ya dubi ƙeyar yaron, gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa, ya ji wani abu ya fara kwancewa a ƙirjinsa. In ban da ran da yaron nan ya fara zuwa ƙofar gidansa, shekara arba'in da wani abu rabon da ya ga ƙeyar mutum a gabansa haka a fili, ƙarƙashin rana. Ya yi niyyar barinsa a durƙushe na ɗan lokaci, don daɗin abin bai ishe shi ba.

Sai ya ji takun mutane daga ɗaya gefen gadar. Abu Faisal ne, Balaraben da shagonsa ke jikin na Alhaji shekara ashirin, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, suke shan shayi a kofi ɗaya. Yana dawowa daga gonarsa ta dabino tare da wani baƙo mai jan rawani. Suka rage tafiya. Baƙon ya dubi saurayin da ke ƙasa ba takalmi, ya dubi baƙin tsohon da ke tsaye a kansa da sanda, ya karkata ya raɗa wa Abu Faisal wata magana. Abu Faisal bai yi dariya ba. Ya dai ɗaga gira, gefen bakinsa ya motsa kaɗan, irin motsin rainin da Alhaji ya sani tun zamanin da yake shiga gidajen mutane da garwar ruwa.

"Gum," in ji Alhaji da sauri, ƙasa-ƙasa. "Gum, ya waladi, aib."

Tashi, ɗana, abin kunya ne. Da Larabci maganar ta fito, bai san lokacin da ta fito ba. Har ya kai hannu ya ja kafaɗar Shittu sama, ya juya ga Abu Faisal da fara'ar da ba ta kai ciki ba, yana bayanin da ba wanda ya tambaye shi: ɗalibi ne, sabon zuwa ne, abu ya faɗo masa yana nema. Abu Faisal ya ce Allah ya sa a gani, suka yi sallama suka wuce.

Shittu ya miƙe, ƙura a gwiwoyin farar rigarsa. Ya ji ƙaryar da kunnensa, don Larabcinsa ya fi na Alhaji. Ya sa takalmansa, ya ɗaga keken, ya tsaya yana jira.

Suka kama hanyar gida, tsoho a gaba, saurayi a baya yana tura keke. Haushi ya cika Alhaji fiye da na safe, ga shi yanzu babu wanda zai sauke wa. Ya so ya zagi Abu Faisal, amma mutumin bai ce uffan ba. Ya so ya zagi Innayatu, sai ya tuna fuskarta a kan kofunan nan. Suka yi tafiya mai tsawo ba a jin komai sai ƙarar sarƙar keke.

Da suka iso inda ake gangarawa zuwa unguwa, Alhaji ya tsaya bai waiwayo ba.

"Ka ce wa malaminku bayan la'asar, kamar yadda aka yi. Kada su makara, gahawa na hucewa."

"To, Baba. Allah ya ƙara girma." Shittu ya ɗan yi jim, yana murza hannun keken. "Baba, don kada in sake kuskure. Gobe in na same ku a kan layin nan, in sauka ne, ko in wuce?"

Alhaji ya dubi dogon tudun da ya miƙe ta cikin duwatsu har inda ido ya ƙare.

"Gobe ta titi zan bi," in ji shi, ya gangara.