Wayar da Abduljalil Ya Zare

A unguwar Bani Malik ta Jidda, in Bahaushe zai yi biki, lasifikokin Abduljalil ake ɗauka, a haɗa da mai su. Amma aikin da yake tinƙaho da shi na shekara-shekara ne. Ma'aikatan jinya 'yan Trinidad da Jamaika da ke Jidda, in lokacin kanibal, bikin kiɗa da rawar titi, ya zo a ƙasashensu, sai su kama gidan hutu a bayan gari su yi nasu, kuma shi suke kira.

Sai dai rawar ba ta taɓa haɗuwa ba. In ya sa soka, kiɗan Trinidad mai sauri, 'yan Jamaika su zauna. In ya sa dansehol ɗinsu mai nauyi, waɗancan su koma kan shinkafa. Shi dai ya ce halinsu ne.

Bana matarsa ta matsa masa ya tafi da ƙaninta Ismaël, mutumin Yamai, mai gyaran waya a Aziziyya, wanda kullum kunnensa ke toshe da kiɗa. Da la'asar ta yi, Abduljalil ya ce, "Riƙe min in yi salla. Amma fa kada ka taɓa komai."

Ya dawo ya tarar babu kowa a kujera. Ismaël ya ɗora muryar dansehol a kan gangar soka, sun zauna daram kamar tuwo da miya. Jajayen tutocin Trinidad da korayen Jamaika suna ta kaɗawa tare, har da wata dattijuwa da Abduljalil bai taɓa ganin ta tashi ba.

Kishi ya turnuƙe shi, ba wani suna da za a ba abin. Lasifikokinsa ne fa, wayoyinsa ne, shi ya yi dakonsu! Ga shi wani na neman raba shi da aikin a kan idonsa. Ya zagaya ta baya kamar mai duba wani abu, ya zare wayar lasifikokin. Bari a ga ƙarshen gwaninta.

Tsit. Sai wurin ya ɓarke da ihu, ana dukan tebura, ana ɗaga hannu sama. Abduljalil ya tsorata ya mayar da wayar, Ismaël ya sako waƙar daga farko, rawa ta ninka ta ɗazu.

Shugabar taron ta zo tana haki, ta ce masa cikin Larabcinta na asibiti, "Ashe ka san al'adarmu! A wurinmu waƙar da ta fi daɗi ake katsewa a dawo da ita farko. Babu yabon da ya fi wannan. Halas, shi ke nan, baɗi shi zai yi mana kiɗa, kai ka kawo kaya ka tsaya wajen katsewa."

Hassada ga mai rabo taki ce, amma ba a cika samun mai hassadar ya ɗauko takin a kansa ba.

Da suna loda kaya a mota, Ismaël ya rungume shi, idonsa cike da ƙwalla.

"Yaya, vraiment, da gaske na ɗauka ba ka son kiɗana. Ashe kai ne za ka fara yaba min a gaban mutane. Bari mu je gida in faɗa wa Anti."

Abduljalil ya sunkuya ya kama gefen wata lasifika.

"Yalla," ya ce, "kama min wancan gefen."